Abin da Marini Ya Gani a Gefen Gilashi

A hawa na biyu na asibitin, idan ka wuce ɗakin ɗibar jini ka karya hagu, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya wanda warin sinadari ba ya rabuwa da shi. A nan Marini ya yi shekara ashirin da bakwai yana aiki. Ba rinin tufafi yake yi ba. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Aikinsa shi ne ya karɓi ruwa ko 'yar tsokar da aka ciro daga jikin majiyyaci, ya shafa a kan siririn gilashi mai tsawon yatsa, ya bi da shi cikin ruwan rini kala-kala har ƙwayoyin halittar da ke ciki su fito sarari, sannan ya miƙa wa likita a duba a madubin da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani. Yatsunsa uku na dama sun rine tun yana saurayi, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Daga nan sunan ya samo asali, har masu gadi da masu shara ba su san shi da wani suna ba.

Likitar da yake miƙa wa gilasan kuwa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ɗan fari, ita ce Auta, shekara goma sha ɗaya a tsakaninsu. Shi ya koya mata haɗa baƙi, shi yake goya ta a keke ya kai ta makaranta. Sau biyu ya zauna jarrabawar shiga karatun likita. Karon farko maki shida ya rasa, karo na biyu maki biyu. Daga nan ya haƙura ya shiga makarantar ma'aikatan gwaji. Auta da lokacinta ya yi, zama ɗaya ta yi ta haye. Ranar ya yi murna, kuma murnar gaskiya ce, shi ya ɗauki akwatinta a ka har ɗakin kwanan ɗalibai.

Abin bai fara cinsa ba sai da ta zo zaɓen fannin da za ta ƙware. Ga fannin yara, ga na ido, ga na mata, duk ta tsallake ta zaɓi duba ƙwayoyin halitta a madubi. Da aka tambaye ta dalili, sai ta ce ai tun tana ƙarama take ganin Yaya da gilasansa. Ita yabo ta yi nufi. Shi kuwa ji ya yi kamar mutum ya share 'yar kusurwarsa ya shimfiɗa tabarma, sai ga wani ya shigo da kujera. Shekara tara da suka wuce aka turo ta asibitin, aka ba ta shugabancin sashen.

Da za ka ce masa ƙyashinta yake yi, da ya ɓata rai ƙwarai. Yana zuwa aiki kafin kowa, gilasansa babu kumfa babu ƙura, bai taɓa ɓata mata aiki ba. Abu ɗaya ne: tun ranar da ta kama aiki ya daina ce mata Auta. Likita yake ce mata, a ofis da gida, har a gaban mahaifiyarsu. Ita kuma ba ta fasa ce masa Yaya ba, ko a gaban manyan baƙi.

Inna ma ba ta taimaka ba, ba tare da ta sani ba. In ƙafarta ta kumbura, Marini ya ce ta rage gishiri ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, sai ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi. Auta ta zo da yamma ta faɗi wannan maganar dai, washegari ka tarar da Inna da ƙafa a kan matashi biyu. In baƙi suka zo kuwa, nuna shi take yi ta ce, “Wannan ne babban. Yana taya Auta aiki a asibiti.”

Yana taya ta. Mutumin da ya shekara goma sha takwas a ɗakin kafin ta taka ƙofarsa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ita kaɗai ta san ciwon. Ta san yana riƙe da kurakuran Auta a ka, da ranakunsu. A shekara tara guda uku ya samu, kuma ƙanana ne, irin waɗanda aka gyara kafin su kai ga majiyyaci. Wata rana yana ba ta labarin na ukun karo na barkatai, sai ta ajiye littattafan yaran da take dubawa ta ce, “Malam, kai fa in ba ta yi kuskure ba abinci ba ya yi maka daɗi.”

Ya ce, “Ni gaskiya nake faɗa.”

Ta ce, “Ban ce ƙarya ba ce.” Ta ci gaba da aiki da jan bironta.

Ana nan, wata Talata da hantsi aka hawo masa da sirinji daga ɗakin tiyata. Ruwan da ke ciki bai cika cokalin shayi biyu ba, rawaya-rawaya, da ɗan jini. Takardar da ta biyo shi ta ce mace ce mai shekara talatin da huɗu, tela, wata biyar tana fama da ciwon kai, sau biyu tana faɗuwa da jijjiga a kan keken ɗinki. Hoton kai ya nuna wata 'yar jaka cike da ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, girmanta ya kai ƙwan kaza. Likitocin tiyata sun fi zaton gidan tsutsa ne, irin wadda kan bi jini ta je ta kwanta a ƙwaƙwalwa. Sun sa allura sun zuƙe ruwan don kan ya yi mata sauƙi. In gwaji bai nuna komai ba, ranar Alhamis za su sallame ta da maganin tsutsa da na farfaɗiya.

Marini ya zuba ruwan a kwalba ya sa a injin da ke wulwula shi har abin da ke ciki ya kwanta a ƙasa. Abin da ya kwanta ɗin bai fi ƙwayar gero ba. Ya lakato kaɗan ya shafa gilashi huɗu, ya rina su, ya rufe. Ragowar ya saka a firji, don shi tun da yake bai taɓa zubar da ragowar ruwan kai ba. Yakan ce ba kullum ake buɗe kan mutum ba.

Laraba da safe Auta ta shigo a gaggauce, tana da jarrabawar ɗalibai ƙarfe tara. Ta duba gilasan huɗu. Uku ta bi su layi-layi, na huɗun gefensa ya yi kauri inda shafin ya bushe, ta duba tsakiyarsa ta ga bai bambanta da sauran ba. Ta rubuta cewa ba a ga ƙwayoyin ƙari ba, sai tsohon jini da ƙwayoyin da ke share datti. Ta sa hannu ta ce, “Yaya, ga wannan, a sauke musu.” Ta fita da jakarta.

Al'adarsa ce kafin ya adana gilashi ya ɗora shi a nasa tsohon madubin, ya ga ko rinin ya kama da kyau. Ya duba uku. Da ya zo na huɗu, hannunsa ya gangara da shi can ƙarshe, daf da inda ake manna lamba. Sai ya tsaya.

A cikin kaurin nan akwai wani ɗan curi. Wata siririyar jijiyar jini ce a tsakiya, ƙwayoyi sun yi sahu sun rungume ta kamar ƙwayoyin masara a jikin totuwa, wasu kuma masu zagayayyen ido sun watsu a gefe. Ya ƙara girman madubin. Ya matsa kaɗan ya sami na biyu, ƙarami. Bai san sunan abin ba. A shekara ashirin da bakwai bai taɓa ganin irinsa ba. Amma ya san datti, ya san tsutsa, ya san mugunya, kuma wannan ba ko ɗaya ba ne a cikinsu. Abu ne mai rai da ke gina kansa a cikin kan matar.

Agogon bango ya nuna tara da rabi. Abin da ya fara zo masa ba tsoro ba ne, ba kuma tausayi ba. Wani daɗi ne ya ratsa shi tun daga ƙirji har yatsu. Ga takardar a gefen hannunsa, ga sa hannunta da shuɗin biro, a miƙe, babu ɗar. Wannan ba irin ƙananan kurakuran nan uku ba ne.

Ya ce wa kansa ai ba hurumin ma'aikacin gwaji ba ne ya faɗi cuta, doka ma ba ta ba shi ba. Ya tuna wata rana, shekara huɗu baya, da ya buɗe baki zai nuna wa ɗalibai wani abu a madubi, ta ce, “Yaya, bari, zan yi musu bayani.” Cikin ladabi ta faɗa, amma ɗaliban sun kalli juna. To, ga shi ta yi bayani. Ya hango matar ta dawo bayan wata shida, an ce a zaro tsofaffin gilasai, wani babban likita ya ɗora na huɗun ya ɗago kai ya ce wa ya sa hannu a nan.

Ya ninke takardar ya jefa a akwatin sakamakon da ake kwashewa ƙarfe goma. Gilashin kuma bai adana shi tare da 'yan'uwansa ba, ya tura shi cikin durowarsa, ƙarƙashin safar hannu. Ya ci gaba da aiki. Ranar har da 'yar waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Bayan azahar ya sauka zai sha shayi. Hanyar ta bi ta gaban ɗakin majiyyata mata. Wani mutum siriri, da rigar direbobin bas a jikinsa, ya ga farar riga ya tare shi.

“Likita, don Allah minti ɗaya. Sun ce sakamakon maiɗakina ya fito, babu komai, gobe za mu tafi. Na ce bari in ƙara ji daga bakin wani, hankalina ya kwanta.”

Ya miƙo takardar. Marini bai buƙaci karantawa ba, shi ya ninke ta da hannunsa. A kan benci a bayan mutumin wata mata na zaune da ɗan bandeji a gefen kai. Maɓallin hannun rigar mijin ne ya tsinke, tana riƙe da shi da allura, tana ƙoƙarin zura zare. Ta kai zaren ya wuce ta gefe. Ta lashe bakinsa ta sake kaiwa, ya sake wucewa. Ta yi 'yar dariya ta ce, “Ni da nake zura allura ina hira, ban ko duba ba.”

Marini ya mayar da takardar ya ce, “Ni ba likita ba ne.”

Direban ya ce, “Ayya, ka yi haƙuri. Mun gode dai. Allah ya saka.”

Shayin bai shawu ba. Amma kada a yi masa ƙaryar kirki: ko a lokacin bai tafi wurinta ba. Ya koma sama ya rina gilasai goma sha biyu na wasu mutane, ya wanke kwalabe, ya goge teburin da ba shi da datti. Sau biyu yana jawo durowar yana mayarwa. Sai da ƙarfe huɗu ta buga, ya ji Auta tana karkaɗa makullan mota a ofishinta, sannan ya ɗauki gilashin ya ƙwanƙwasa.

“Likita, ki sake duba wannan. Can gefe, kusa da lamba.”

Ta dubi agogo, ta dube shi, ta ajiye jakar ta zauna. Ta ɗora gilashin. Ya tsaya a kanta yana jiran ya ga fuskarta ta canza. Ta gangara da gilashin zuwa gefe. Ta juya madubin zuwa mafi girma, ta dawo da shi. Ta miƙa hannu ba tare da ta ɗago ba, ta jawo wani ƙaton littafi, ta yi ta buɗawa har kusan ƙarshensa, inda ake tara cututtukan da ba a cika gani ba. Ta dubi hoto, ta dubi madubi.

“Yaya, akwai ragowar ruwan?”

“Yana firji.”

“Alhamdu lillahi.” Ta ɗauki waya ta kira likitan tiyata. “Ranka ya daɗe, sakamakon telar nan da na aiko da safe, na janye shi. Na yi kuskure. Kada a sallame ta.”

Haka kawai ta faɗa, na yi kuskure, kamar mai cewa na manta laima. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Marini ya ji haushin wannan fiye da komai. Shekara tara yana jiran ranar, ga ta ta zo, kuma hankalin Auta gaba ɗaya yana kan littafi.

Ta kira shi ya leƙa, ta nuna masa. Ta ce ƙari ne, amma wani iri ne da ita ma a littafi kawai ta san shi, sunansa ya kusa cika layi. A hankali yake girma, yakan tara ruwa ya yi jaka ya ɓuya a jikin bangonta. Maganin tsutsa ba zai taɓa shi ba, ruwan zai sake taruwa. Amma in aka cire shi gaba ɗaya, galibi ba ya dawowa. Sai dai curi biyu a gefen gilashi ba su isa a buɗe kan mutum ba, sai an tabbatar.

Tabbatarwar kuwa a hannun Marini take. Ya ɗauki ragowar nan da ba ta kai ƙwayar gero ba, ya daskarar da ita cikin kaki, ya yanka ta sirara-sirara har sau shida ba tare da ya yi asarar ko ɗaya ba. Ya rina su da rini na musamman, wanda kowanne irin ƙwaya ɗaya kawai yake kamawa. Kwana biyu aka yi. Ƙwayoyin da suka rungumi jijiya suka kama rini ɗaya, masu zagayayyen ido suka kama ɗayan, daidai yadda littafin ya ce. Aka sake ɗaukar hoton kan matar bayan an yi mata allurar da ke haska jijiyoyi, sai ga ɗan ƙullutu kamar wake a manne a bangon jakar. Mako na gaba aka yi tiyata, awa shida. Tsokar da aka ciro ta gaskata abin da ruwan ya faɗa.

Wata ɗaya bayan haka aka yi taron likitoci a babban zaure. Aka haska gilashinsa a bango, curin nan ya zama kamar ƙofar ɗaki. Auta ta tsaya ta ce ita ta duba ba ta gani ba, yayanta ne ya gano, ga shi can a baya. Mutane suka waiwaya suka yi tafi, ya ɗan miƙe ya koma. Daga nan aka yi minti arba'in ana yi mata tambayoyi, tana amsawa da sunayen da bai iya furtawa ba. Da aka tashi, wani dattijon likita ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Malam, ka yi sa'ar ƙanwa.”

Ya kai wa Malama wannan maganar da zafinta. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “Ta faɗi sunanka a gaban kowa. Me kuma ya rage?” Abin da ke cinsa yanzu biyu ne, kuma ɗayan bai gaya mata ba.

Auta ya gaya wa. Wata Asabar da yamma sun fito daga gidan Inna, ta ce ya shigo ta sauke shi. Suna tsaye a danja ya ce, “Ƙarfe tara da rabi na ga abin nan.”

Ta ce, “Wane abu?”

“Na telar.”

Ta lissafa awannin. “Ƙarfe huɗu ka kawo mini, Yaya.”

“Na sani.”

“Kai ka sauke sakamakon?”

“Ni na sauke.”

Danja ta ba da hannu, na baya suka yi ta hon, ta ja motar ta tsallaka ta faka a gefen titi. Ta tambaye shi me ya sa. Ya ce so ya yi sau ɗaya a ce ita ma ta faɗi. Da bakinsa ya faɗa, yana kallon yatsunsa.

Ta ce, “Da ka tara ɗalibai ka nuna musu a gabana, da na shanye. Ni ce na yi gaggawa. Amma ita matar me ta yi maka?”

Ta tayar da motar. Ta kai shi har ƙofar gida, ba ta shiga gaida Malama ba.

Mako uku ba ta ce masa Yaya ba. Malam take cewa, kamar yadda take ce wa kowa, kuma maganar aiki kawai. Ba ta kai ƙararsa ba, ba ta gaya wa Inna ba. A mako na huɗu ta manna takarda a bangon ɗakin: daga yau duk gilashin da likita ta ce babu komai a ciki, ba za a saki sakamakonsa ba sai babban ma'aikacin gwaji ya duba shi gefe da gefe, ya sa hannu, ya rubuta lokacin da ya duba. Abokan aiki suka yi ta taya shi murna, wai an ɗaga darajarsa. Shi kaɗai ya san dalilin da ya sa aka ce a rubuta lokaci.

Telar ta warke. Bayan wata uku suka zo da mijinta yin godiya, ta kawo wa Auta riga da ta ɗinka da hannunta, da aiki a wuya. Marini na wanke kwalabe suka wuce shi, direban ya gaishe shi sama-sama, bai gane shi ba. Ya bi rigar da kallo har aka ninke ta aka sa a jaka. Ya san bai cancanci ko hankici ba, amma hakan bai hana abin ya ci shi ba.

Yanzu saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Yana nan yana zuwa kafin kowa, yana bin gefen kowane gilashi yana sa hannu. A watan jiya ya ga wani abu a gefen gilashin wani tsoho, wanda Auta ta riga ta ce babu komai. Nan take ya tashi, ko hular biro bai rufe ba. Taku goma sha ɗaya ne daga teburinsa zuwa ofishinta, kuma a cikin takun nan ya ji daɗin ya taso masa, bai iya hana shi ba. Ta ɗora gilashin ta duba da kyau, ta duba kuma, sannan ta ce gudajin rini ne, kwalbar ta tsufa tana bukatar tacewa. Ya leƙa ya ga gaskiyarta. Ya koma ya zubar da rinin ya haɗa sabo, murna ta koma ciki.